Tambaya da Amsa: Haɗa Kyamara da Wayar Hannu Ba Tare da Kebul Ba

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato yadda za a fitar da hoto daga kyamara zuwa waya nan take, ba sai an nemi kwamfuta ba. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita su, ga kuma amsoshinsu.

Assalamu alaikum. Ina da Nikon D3200, ba ta da Wi-Fi a jikinta. An ce akwai wata 'yar adafta da ake cusa mata. Wace ce, kuma yaya ake saita ta?

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nema shi ne WU-1a, wadda Nikon ta fitar a 2012, shekarar da D3200 ɗin ta fito. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi kan babban yatsa ba, kuma ba ta da batirin kanta, daga kyamara take shan wuta.

Ka lura da harafin ƙarshe kafin ka saya, don akwai 'yar uwarta WU-1b, kuma bakinsu ba ɗaya ba ne. WU-1a ta D3200, D3300, D5200, D7100 da Df ce. WU-1b kuwa ta D600 da D610 ce, da wasu daga cikin ƙananan Nikon 1 irin su J3 da V2. In ka ɗauko wadda ba taka ba, ba za ta shiga ramin ba, in kuma ka matsa mata da ƙarfi kana iya lanƙwasa haƙoran da ke cikin kafar USB ɗin kyamarar. Gyaran wannan kafa ya fi sayen adaftar wahala nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. Da farko sauke manhajar Wireless Mobile Utility a wayarka. Muna ba da shawarar ka yi haka tun kafin ka sayi adaftar, saboda manhajar tsohuwa ce, gara ka tabbatar tana sauka kuma tana buɗewa a wayarka. Sai ka kashe kyamara, ka ɗaga murfin robar da ke gefenta, ka cusa adaftar a kafar USB har ta zauna daram, sannan ka kunna. 'Yar fitilar jikin adaftar za ta kama. A wasu kyamarorin, kamar D5200 da D7100, akwai layi a cikin jerin saiti mai suna Wireless mobile adapter, dole ya kasance a kunne. Daga nan shiga saitin Wi-Fi na waya, za ka ga suna da ya fara da Nikon_WU, ka taɓa shi. Sai ya haɗu tukuna za ka buɗe manhajar. Mutane da yawa suna juya wannan tsari, su buɗe manhaja da farko, ta ce ba ta ga kyamara ba, su ɗauka adaftar ce ta mutu.

A cikin manhajar akwai wurin daidaita agogon kyamara da na waya. Ka yi shi tun ranar farko. In agogon kyamara ya kauce, hotunan da ka sauke za su je su kwanta a wata tsohuwar rana a cikin ma'ajiyar hotunan waya, ka yi ta nema kana zaton ba su sauka ba.

Wayata tana kama Wi-Fi ɗin kyamara, amma bayan 'yan daƙiƙu sai ta rubuta babu intanet, ta yanke. Na canza adafta, matsalar tana nan. Ina mafita?

Malama, adaftarki lafiyarta ƙalau, ba a nan gizo ke saƙar ba. Cikin matsalolin haɗa kyamara da waya, wannan ce ta fi yawa, kuma kusan kullum daga ɓangaren waya take.

Ki gane abin da adaftar take yi. Ba intanet take bayarwa ba. Wani ɗan ƙaramin zauren Wi-Fi take buɗewa, wanda babu kowa a cikinsa sai kyamara da wayarki. Ita kuwa waya an gina ta ne a kan neman intanet. Da ta shiga wannan zaure sai ta gwada isa ga wata na'ura a waje, ba ta samu amsa ba, sai ta yanke hukuncin cewa wannan Wi-Fi ba shi da amfani, ta koma kan data ko ta tsallaka wani Wi-Fi da ta taɓa sani. Wani lokaci ma alamar Wi-Fi tana nan a sama, amma wayar ta karkatar da komai ta hanyar data, don haka manhajar ba ta ganin kyamara.

Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kina gwadawa bayan kowanne.

Kashe data kafin ki haɗa. Wannan kaɗai yakan magance matsalar a wurin mafi yawan mutane. In saƙo ya fito yana tambaya ko za ki ci gaba da zama a kan wannan Wi-Fi duk da babu intanet, ki amsa da e, in kuma akwai wurin cewa kada a sake tambaya, ki zaɓe shi. A cikin saitin Wi-Fi na wayoyin Android da yawa akwai zaɓin komawa kan data idan Wi-Fi ya yi rauni, shi ma ki kashe shi.

Sai VPN. In kina da shi a kunne, yana tattara duk abin da ke fita daga waya ya tura shi ta wata hanya daban, har da saƙon da manhaja ke aika wa kyamara. Kashe shi. Wasu manhajojin toshe talla ma a ɓoye VPN ne, ki duba ko akwai alamar ɗan makulli a saman allon.

Sai izini. Tun daga Android 6, manhaja ba ta iya leƙa jerin Wi-Fi da ke kusa sai an ba ta izinin sanin wurin da waya take, kuma a wayoyi da yawa sai GPS ɗin kansa yana kunne. Mutane sukan hana wannan izini don suna ganin ba ruwan manhajar kyamara da inda suke, alhali dokar tsarin wayar ce. Daga Android 13 an ƙaro izinin na'urorin da ke kusa. A iPhone kuwa, daga iOS 14 akwai izinin Local Network, wanda ake tambaya sau ɗaya tak lokacin buɗe manhaja na farko. In kin taɓa ƙin amincewa, ba za ta sake tambaya ba, sai kin shiga saitin sirri kin kunna da kanki. Haka ma izinin ajiye hoto: in ba ki bayar ba, za ki ga hotunan a kyamara amma su ƙi sauka.

Na ƙarshe, tsarin tattalin batir na waya yana iya kashe manhajar da zarar allo ya mutu. Cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaita wa wuta, ko ki bar allon a kunne har a gama tura hotuna. In duk wannan bai yi ba, ki sa wayar ta manta da sunan Wi-Fi ɗin kyamarar, ki kashe kyamara, ki kunna, ki haɗa daga farko.

Kyamarata tsohuwa ce, kamfanin bai yi mata adafta ba. Na ji akwai katin memori mai Wi-Fi. Yana aiki kuwa?

Yana aiki, amma da sharuɗɗa. Kati ne mai siffar SD na yau da kullum, sai dai an cusa 'yar na'urar Wi-Fi a cikinsa tare da wurin ajiya. Kyamara ba ta ma san da wani abu ba, hoto kawai take rubutawa a kai, shi kuma katin ya buɗe nasa Wi-Fi ɗin waya ta shiga ta kwasa. Sanannu su ne Eyefi, FlashAir na Toshiba, da ez Share. Wannan ita ce hanyar mai kyamara irin Nikon D3100, wadda WU-1a ba ta aiki da ita.

Game da Eyefi, ka yi hattara da na hannu. A watan Satumba na 2016 kamfanin ya daina tallafa wa katunan X2 da waɗanda suka riga su, kuma saita waɗannan katuna ya dogara ne da na'urorin kamfanin ta intanet. Muna ganin bai dace mutum ya sa kuɗinsa a tsohon Eyefi yanzu ba. FlashAir da ez Share suna da wata fa'ida babba: ko manhajarsu ta ƙi aiki, kana iya buɗe burauzar waya ka shiga adireshin katin ka ga hotuna ka sauke. Kalmar sirrin da FlashAir ke zuwa da ita ita ce 12345678, ta ez Share kuma takwas guda takwas, 88888888.

Abubuwa huɗu ne suke kawo cikas. Na farko, katin ba ya samun wuta sai kyamara tana farke. Da ta yi barci, Wi-Fi ya ɗauke, ko da ana tsakiyar tura hoto. Shiga saitin kashe kai na kyamarar ka ɗaga lokacin zuwa minti biyar ko goma. Na biyu, girman kati: kyamarar da ba ta san SDXC ba, ba za ta karanta katin da ya wuce gigabait 32 ba, wadda kuma ta tsufa har ba ta san SDHC ba, iyakarta gigabait 2, kuma irin wannan ba ta da rabo a nan. Duba littafinta. Na uku, eriyar katin tana binne a cikin jikin kyamara, in jikin ko murfin ramin katin na ƙarfe ne, zangon zai ragu sosai, wani lokaci sai waya tana kusa da mita biyu ko uku. Haka in ka sa shi cikin adaftar CF (wani nau'in katin memori da ya fi SD girma) mai rufin ƙarfe. Na huɗu, fomatin. Saitin FlashAir yana cikin wani ɓoyayyen fayil a kan katin, don haka in ka yi fomatin a kyamara, suna da kalmar sirrin da ka sa za su goge, sai ka sake saitawa.

Ka sani kuma cewa irin wannan kati kwasar hoto kawai yake yi. Ba za ka iya danna ɗauka daga waya ba, ba kuma za ka ga abin da idon kyamara ke gani ba.

Akwai wani da ake rikita shi da waɗannan, wato W-E1 na Canon da ya fito a 2016. Siffarsa ta katin SD ce, amma ba ya ajiye hoto ko ɗaya. An yi shi ne don EOS 7D Mark II, 5DS da 5DS R, masu ramin kati biyu: shi ya zauna a ramin SD, hotuna su tafi katin CF. Manhajarsa Camera Connect ce, kuma 7D Mark II tana buƙatar a sabunta manhajar cikinta zuwa 1.1.0 ko sama kafin ta gane shi. A wata kyamarar daban ba zai yi komai ba.

Na ɗauki hotuna 400 a wani taro, na zauna kusan awa ɗaya suna sauka, har batir ya ƙare ba su gama ba. Laifin wayata ne?

A'a, ɗan'uwa, aikin da ka ɗora wa adaftar ne ya fi ƙarfinta. Mu yi lissafi.

Waɗannan ƙananan adaftoci suna aiki ne a zangon 2.4 GHz. Lambar 54 da ake yawan rubutawa megabit ce a daƙiƙa, ba megabait ba, sai ka raba ta gida takwas, ka samu ƙasa da megabait 7. Wannan ma a takarda ne. A aikace, mu ƙaddara kana samun megabait ɗaya da rabi a daƙiƙa. Hoton JPEG mai inganci daga kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 12. Guda 400 sun zama megabait 4,800, wato daƙiƙa 3,200, kusan minti 53. Ka ga abin da ka gani daidai yake da lissafi.

A ɗakin taro abin ya fi muni. Zangon 2.4 GHz layuka uku kacal yake da su da ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11, kuma kowace rauta, kowace wayar da ta buɗe hotspot, da na'urorin Bluetooth, duk a nan suke cunkuso. Jikin mutum ma, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye siginar. Mita 10 zuwa 15 da ake faɗa a fili ne babu shamaki. Cikin jama'a, riƙe wayar kusa da kyamara.

Mafita biyu ce. In don turawa a WhatsApp ko ɗorawa a Instagram kake so, zaɓi ƙaramin girma a cikin manhajar kafin saukewa. Hoto mai megafiksel 2 bai cika kai megabait ɗaya ba, kuma a allon waya da wuya ido ya bambance shi da asali. Amma kada ka kai shi wurin wankin hoto babba: a ɗigo 300 kowane inci, megafiksel 2 ba zai wuce kusan inci 5 da 4 ba, yayin da cikakken megafiksel 24 yake kaiwa inci 20 da 13. Kuma ka zaɓi goma ko ashirin da suka fi kyau, ba duka ba. Don wannan aka yi adaftar.

In kuwa duka kake so da cikakken girmansu, cire katin ka sa a na'urar karanta kati mai bakin USB-C ko Lightning, ka haɗa da wayar kai tsaye. Ko da megabait 40 a daƙiƙa kake samu, hotuna 400 ɗin nan minti biyu ne, kuma batirin kyamara bai san an yi ba. Mu a ganinmu duk mai adafta ya kamata wannan 'yar na'ura tana cikin jakarsa.

Batun RAW kuma, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba: manhajoji da yawa ba sa turo ainihin fayil ɗin, JPEG suke ba ka a madadinsa. In kana son duka biyu, saita kyamara ta riƙa ɗaukar RAW tare da ƙaramin JPEG. Ƙaramin ya bi iska zuwa waya, RAW ya jira kwamfuta. Idan za ka aika wa wani cikakken hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Ina so in ajiye kyamara a kan ƙafafunta kusa da sheƙar tsuntsu, in koma nesa ina sarrafa ta da waya. WU-1a za ta yi?

Rabin aikin za ta yi. Za ka ga abin da kyamara ke gani a allon waya, ka taɓa inda kake so ta kafa ido, ka danna ɗauka. Amma Wireless Mobile Utility ba ta ba ka damar canza saurin ɗauka, faɗin ƙofar haske ko ISO (ƙarfin jin haske) daga waya. Dole ka saita su a jikin kyamara kafin ka tafi. In haske zai riƙa sauyawa, bar ta a yanayin S, inda kai ke zaɓar saurin ɗauka, da saurin 1/1000 na daƙiƙa ko sama, ka kunna ISO mai daidaita kansa.

Akwai kuma jinkiri. Hoton da ke zuwa allonka yana bayan abin da ke faruwa da ɗan lokaci, umarnin ɗauka ma sai ya yi tafiya ya isa. Ga tsuntsun da ke zaune ba matsala, ga wanda ke tashi za ka sha ɗaukar reshe babu kowa. Ka kafa idon kyamara a bakin sheƙar tun farko, ka mayar da lens ɗin kan M, wato daidaitawa da hannu, don kada ta tsaya neman daidaito lokacin da ka danna.

Mai son cikakken iko sai ya koma ga manyan na'urori irin CamRanger 2 ko Air Direct na Tether Tools. Ana haɗa su da kyamara da gajeren kebul na USB, suna da batirin kansu, suna iya aiki a 5 GHz inda cunkoso ya yi sauƙi, kuma suna ba da damar canza saiti daga nesa. Kowannensu yana da jerin kyamarorin da yake aiki da su, a duba kafin a saya. In kyamarar tana da zaɓin yanayin USB, a sa shi kan PTP, don a yanayin ma'ajiya na'urar ba za ta iya ba ta umarni ba. Masu son haɗa abu da hannunsu sukan ɗauki 'yar rautar TP-Link TL-MR3040, mai batir da kafar USB, su canza manhajar cikinta, su sarrafa kyamara da qDslrDashboard. Yana aiki sosai, sai dai rautar tana da fitowa ta ɗaya da ta biyu, in ka ɗora mata fayil ɗin da ba nata ba, tana iya daina tashi gaba ɗaya.

Tawa D3500 ce. Wace adafta zan saya?

Babu, Hajiya. D3400 da D3500 ba sa karɓar WU-1a, kuma ba su da Wi-Fi. Bluetooth suke da shi, suna aiki da manhajar SnapBridge da Nikon ta fitar a 2016, wadda ke turo ƙananan kwafi masu megafiksel 2 zuwa waya a hankali yayin da kike ɗauka. Ki yi haɗin daga cikin SnapBridge, ba daga saitin Bluetooth na waya ba. In haɗin ya lalace, goge sunan kyamarar a manhaja da kuma a saitin Bluetooth, duka biyu, kafin ki sake.

Wani da ke kusa zai iya shiga Wi-Fi ɗin kyamarata ya ga hotunana? Kuma me ya sa batir ke saurin ƙarewa?

Zai iya, in ba ka kulle ba. WU-1a da WU-1b a buɗe suke zuwa idan ta sunan Wi-Fi ka haɗa, babu kalmar sirri. Duk mai manhajar da ke cikin zangon zai iya shiga ya leƙa katinka muddin kyamara tana kunne. Bayan haɗin farko, shiga saitin adaftar a cikin manhaja, zaɓi WPA2-PSK-AES, ka sa kalmar sirri mai aƙalla haruffa takwas, ka canza sunan ma. Katunan da ke zuwa da 12345678 ko 88888888 su ma tamkar a buɗe suke, don kowa ya san lambobin. Bayan ka canza, wayar za ta yanke, sai ka sa ta manta da tsohon sunan ka shiga da sabuwar kalmar. In ka manta ta, maɓallin jikin adaftar yana mayar da ita yadda ta zo: riƙe shi a danne sama da daƙiƙa goma, sannan ka sake dannawa idan fitilar ta fara walƙiya.

Batir kuwa abu uku ne ke cin sa lokaci ɗaya: adaftar da ke shan wuta daga kafar USB, kyamarar da aka hana barci, da kuma kallon kai tsaye, wato ganin abin da kyamara ke gani a allo, wanda ke barin madubi a ɗage da na'urar ɗaukar haske tana aiki ba hutawa. Na ukun shi ya fi ci, yana kuma ɗumama kyamara, har ta iya kashe kallon da kanta don kare na'urar. Ɗauki hotunanka adaftar tana aljihu, sai lokacin turawa ka kashe kyamara ka cusa ta, ka tura, ka sake kashewa ka cire. Yayin da take jiki murfin robar a buɗe yake, kuma ita kanta ta ɗan leƙo waje, don haka kada ka mayar da kyamara cikin jaka da ita, kuma kada ka bar ta a jiki cikin yayyafi ko ƙura. Tana zuwa da 'yar jaka da ake maƙalawa a igiyar kyamara, a nan ne wurin zamanta. In za a yi doguwar turawa, fara da batir cikakke, ka riƙe na biyu a kusa, domin wasu kyamarorin sukan hana haɗin Wi-Fi da zarar alamar batir ta sauka zuwa layi ɗaya.